Gajeriyar Igiya a Kan Rimin Librebil

A Garwa ta ƙasar Kamaru na fara lura cewa mutumin da ya ɗauko mu daga Mubi ba ya son tambaya. Oga Dauda ya ce mu riƙa kiransa, kuma aiki ya yi mana alkawari a wani kamfanin katako a ƙasar Gabon. Ni Tumba sunana, a unguwar Nassarawo na tashi, iyayena daga duwatsun Michika suka sauko. Sana'ata a gida saran bishiya. In reshen dogon yaro ya kwanta kan wayar wuta, ko mangwaro ya fara taɓa kwanon wani, ni ake aikowa a kira. Da ƙafa da adda nake hawa, ban taɓa ɗaura igiya a jikina ba. Dauda ya ce irina ake nema a can.

Har Ngaundare ban ji baƙunta ba, domin Fulatancin da na tsinta a kasuwar shanu ya ishe ni sayen abinci da tambayar hanya. Da jirgin ƙasa ya nutsa cikin kurmin kudu, sai bakina ya mutu. Wata mata da ke zaune kusa da ni ta lura ban ci komai ba tun safe, ta miƙo mini rogo a naɗe cikin ganye, mai tsami da yauƙi. Ban iya cewa na gode da yarenta ba, sai na ɗora hannu a ƙirji. Ta yi dariya, ta ƙara mini wani.

A bakin iyakar Gabon Dauda ya karɓi fasfo ɗinmu, ya ce zai kai a buga hatimi. Muka zauna a inuwar wani shago har rana ta juya, inuwar ta bar mu. Bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Sauran abokan tafiyar suka ce gida za su koma. Ni na riga na sayar da babur ɗina saboda wannan tafiya, matata Saratu kuma na bar ta da ciki. Na kasa tunanin yadda zan shiga Nassarawo hannu biyu babu komai. Wani mai kwalekwale ya tsallakar da ni kogi, na ƙarasa sauran hanyar a bayan motar agade, a kwance ƙarƙashin tampol. Duk inda motar ta tsaya na ji takun takalmin jandarma, sai in cusa bakin rigata a baki don kada tari ya kufce mini.

Librebil, babban birnin Gabon, gari ne na ruwa: teku a gefe, sama kuma ba ta gajiya da zuba. Na yi ta yawo ina kwana a rumfunan kasuwa, har ranar da na ji wani mai gashin nama yana faɗa da Fulatanci irin na gida. Na matsa na ce, “Jam na, Baaba?” Ya ɗago da wuƙa a hannu ya dube ni sama da ƙasa. Malam Buba ke nan, Bafulatanin Marwa. Da ya ji daga Mubi nake, ya ce ai ya sha kai shanu can yana saurayi. Bai tambaye ni addinina ba sai da ya ga ban tashi salla ba, kuma ko a lokacin abin da ya ce kawai shi ne, “To, tsare mini wutar.” A bayan rumfarsa na samu wurin shimfiɗa kwali.

A rumfar nan saƙon Saratu ya same ni, a wayar Malam Buba. Na yi tsalle na ce wa Kanawan da ke cin nama, “Matana ya haihu!” Suka kwashe da dariya har ɗayansu ya ƙware, wai Hausar Adamawa ba ta san mace ba. Amma kafin su tashi, wani ya kawo turmin atamfa daga shagonsa, ya ce a ajiye wa mai jego. Na rungume atamfar, na rasa ta inda zan aika da ita.

Aikin ya zo ne a bakin titin. Wata rana wasu mutane suka zo rage wata babbar bishiya kusa da rumfar, na ga wani dattijo mai furfura yana lilo a tsakanin rassa kamar gizo, injin yankan itace na rataye a ƙugunsa. Ba wanda ya sa ni, na fara jan rassan da yake jefowa ina tarawa. Da ya sauko ya tambayi daga ina nake, na ce Mubi. Tun daga nan sunana ya zama Mubi a bakinsa. Shi kuma Papa Ondo. Mai kamfanin ban taɓa ganinsa ba. Wanda muke gani shi ne Shef Firmin, mai riƙe da makullin mota da na ɗakin kaya. Ya ɗauke ni ne saboda ba ni da takarda, kuma ya tabbatar na san hakan.

Ranar farko na so in nuna kaina. Na cire takalmi na dafe wani mangwaro kafin su gama sauke kaya. Papa Ondo ya yi ta ihu har na sauko, ya kifa mini hular kwano a ka da ƙarfi, ya ɗaura mini ɗamara mai zagaye cinyoyi. Faransancina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba, don haka da hannu ya koya mini yawancin abin da na sani.

Ya fara da yadda ake rataya igiya. Ana jefa ’yar jaka mai nauyi da siririn zare ta cikin gwafar reshe, sannan a ja babbar igiya ta biyo. In ka ninka ta biyu, baki ɗaya a ɗamararka, ɗaya gefen kuma yana bi ta cikin ƙulli, to nauyinka ya rabu, ƙullin rabi kawai yake ɗauka. Hawan yana da jinkiri, amma yana da sauƙin sarrafawa. In kuma igiya guda ka hau, a ɗaure a gindin bishiya, ka fi sauri a doguwar bishiya, sai dai duk nauyinka yana kan ƙullin, kuma in babu wani ƙarfe da zai rage masa aiki, ko ya cije ya ƙi sakinka, ko ya ƙone.

Ƙullin kuwa da wata ’yar gajeriyar igiya ake yin sa, wadda ba ta kai babbar kauri ba. Ana naɗa ta a jikin babbar yadda in ka tura da hannu za ta zame, in ka sake mata nauyi ta cije. Ƙullin da ake kira furusik ya fara ba ni. Shi ba ya yaudara, yana kamawa sama da ƙasa, amma in ya sha nauyi ko ya jiƙa, sai ka yi kokawa da shi kafin ya motsa. Na daɗe a kansa har tafin hannuna ya yi kanta. Daga baya ya nuna mini distel, mai naɗi huɗu a sama da ɗaya a ƙasa, wanda ya fi laushi. Shi kansa baldotan yake hawa da shi, naɗi da kitso, yana gudu a igiya kamar an shafa mai. Na roƙe shi ya bar ni in gwada, ya girgiza yatsa.

“Wannan sai ka gyara masa zama duk lokacin da ka motsa. Ka manta sau ɗaya, ya manta da kai. Ba ƙullin da ya fi wani, Mubi. Ka dubi igiyarka, ka dubi nauyinka, ka dubi sama ko za a yi ruwa. Sabuwar igiya santsi gare ta, ƙara naɗi. Mutum mai nauyi, ƙara naɗi. Kuma ka zauna a kansa tun ƙafarka na taɓa ƙasa, kafin ka ba shi ranka.”

Ya ba ni wata tsohuwar igiyarsa da aka yanke wa baki bayan inji ya taɓa ta. Ta yi gajarta ga manyan bishiyoyi, amma ta ƙwarai ce, ta ishi mai koyo.

Da damina ta yi ƙarfi, aka kira mu gidan wata dattijuwa, Madam Selestin. Wani ƙaton rimi ne a bayan gidanta, iska ta tsaga masa babban reshe, reshen yana rataye daidai saman ɗakin da jikokinta ke kwana. Da muka buɗe bayan mota, igiyoyin Papa Ondo ba sa ciki. Sababbi biyu ne a wurin, launinsu iri ɗaya da na da, suna ƙyalli.

“Ina nawa?” in ji Papa.

Firmin ya ce an kai su wani aiki, waɗannan sababbi ne dal, ya kamata ma a gode masa. Papa ya murza ɗaya a tsakanin yatsunsa, ya lanƙwasa, ya shinshina. Ya ce ba ta yi masa ba, babu alamar masana'anta a bakinta. Suka yi ta musu. Firmin ya nuna hadarin da ke haɗuwa ta wajen teku, ya nuna reshen, ya ce in ya faɗo kan yaran mutane, Papa ne zai yi bayani. Madam Selestin tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ka. Reshen kuma yana ƙara duk lokacin da iska ta taɓa shi.

Papa ya ɗaura baldotan ɗinsa, ya ƙara naɗi ɗaya, ya zauna a kai kusa da ƙasa, ya yi tsalle a cikin ɗamara. Ƙullin ya riƙe. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya hau.

Ya kai sama ya sare ƙananan rassa biyu kafin ruwan ya sauko. Ba yayyafi ya fara ba, gaba ɗaya ya zubo. Na ga ya kashe inji, ya kama ƙullin zai sauko kaɗan zuwa wani reshe. Sai kawai ya tafi. Igiyar ta yi wani irin kuka, shi kuma yana zamewa yana damƙar ta da hannu, har ya bugi wani reshe da kafaɗa da gefen kai, sannan ya tsaya cak, yana juyawa a iska. Hularsa ta faɗo kusa da ƙafata.

“Papa! Papa Ondo!”

Hannunsa ɗaya yana lilo yadda hannu ba ya lilo. Ko daga ƙasa ina hango inda fatar igiyar ta yage a saman kansa, farin zaren ciki ya fito.

Firmin ya jefo mini sabuwar igiya ta biyu. “Hau! Wannan ce za ta kai!”

Gaskiya ya faɗa, ita ce mai tsawon da zai kai sama ya dawo ƙasa a ninke. Tawa ko rabi ba za ta yi ba. Na riƙe su biyun, ruwa na shiga mini ido. Sabuwar tana sulɓi a hannuna kamar jikin tarwaɗa. Na yar da ita, na ɗauki tsohuwar.

“Ba za ta kai ba, wawa!”

“Zan hau sau biyu,” na ce da Hausa, don Faransancin ya gudu daga kaina.

Zaren jifa ya jiƙe, ya harɗe. Jifan farko ya dawo mini a fuska, na biyu ya wuce gefe. Da na samu gwafar ƙasa na ja igiyata, na tsaya da ’yar igiyar ƙulli a hannu. Furusik na fi sabawa da shi, hannuna yana iya ɗaura shi ko ido a rufe. Amma a jiƙe, da nauyin mutum biyu, zai cije ya bar mu a rataye, ni da wanda ba ya iya taimakon kansa. Na ɗaura distel, na ƙara naɗi ɗaya. Ɗaurin farko bai zauna ba, sai da na kwance na sake. Na zauna a kai, ya kama. Na tura, ya tafi. Na fara hawa.

A gwafar farko na zagaya igiyar ƙugu, wata gajeriya da ke maƙale a ɗamarata, a jikin reshe, na zare babbar, na sake jefawa sama. Bawon rimi a jiƙe ba ya riƙe takalmi, sau biyu ƙafata tana zamewa gwiwata na bugun itace. Reshen da ya tsage yana gefena na dama, ina jin kukansa a cikin haƙorana.

Da na iso, idon Papa a buɗe yake amma ba ni yake kallo ba. Jini na bin kunnensa, ruwa na wankewa. Na dubi ƙullinsa. Zafin zamewar ya narkar da fatar igiyar, ta manne da ƙullin kamar leda a wuta. Abin da ya tsayar da shi ke nan. A sama da wurin kuwa, zaren da ya rage bai kai kaurin ɗan yatsana ba, kuma ina ganin silin yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Na maƙala ƙugiya daga ɗamarata zuwa tasa, na murɗa kullenta, na sake dubawa. Na cusa cinyoyina ƙarƙashin nasa. A ƙugunsa akwai wani ƙarfe mai siffar takwas da yake sauke manyan rassa da shi. Na ciro shi na zura igiyata a ciki, ƙasa da ƙullina, don ƙarfen ya sha zafin, ƙullin ya zama mai tsaro kawai. Sannan na zaro ƙaramin zartona na ɗora a kan igiyarsa.

A nan ya yi magana, da ƙyar. “Wace igiya?”

“Taka, Papa. Tsohuwar.”

Ya lumshe ido. Na yanke.

Nauyinsa ya faɗo mini gaba ɗaya, ɗamara ta datse mini cinya, muka nutsa kamar taku guda, ƙullin ya yi ƙara ya cije. Na jira. Bai ƙara motsi ba. Na riƙe igiyar ƙasa da ƙarfen da hannun dama, na taɓa kan ƙullin da yatsu biyu na hagu. Da farko ya ƙi, sai da na matsa da ƙarfi, sannan muka fara sauka kaɗan-kaɗan, kansa a kan kafaɗata, yana nishi duk lokacin da hannun ya taɓa wani abu.

Igiyar ta ƙare a daidai gwafar ƙasa, kamar yadda na sani za ta yi. Na zaunar da shi a kan reshen, na zagaya igiyar ƙugu ta kama mu biyun da itacen, na kwance babbar na fara janta daga sama. Wannan ne lokacin da har yau nake mafarkinsa: mutum biyu a kan jiƙaƙƙen reshe, ba abin da ke riƙe da mu sai igiyar ƙugu guda. Bakin babbar ya zo zai faɗo, sai ya naɗe a wani ɗan reshe can sama. Na ja, ya ƙi. Na kaɗa ta, ya ƙi. Papa ya fara zamewa gefe, na tare shi da gwiwa. Na kira sunan Yesu da yaren uwata, na kaɗa igiyar da duk ƙarfina zuwa ɗaya gefen. Ta faɗo mana a ka.

Na rataya ta a gwafar da muke, na sake ɗaura komai daga farko, na gwada ƙullin kafin in cire igiyar ƙugu. Da ƙafata ta taɓa laka, na zauna a wurin. Maƙwabta ne suka kwance shi daga jikina, suka sa shi a motar ɗan Madam Selestin.

Ina zaune a cikin ruwan na ga Firmin yana naɗe sabuwar igiyar da na yar, zai mayar da ita mota. Gobe wani zai hau da ita. Na tashi na fizge ta, na ɗora a kan gungume, na ɗauki adda na fara sara.

“Ka haukace? Kai da ba ka da ko takarda! Kira ɗaya zan yi, yau ka kwana a hannun jandarma.”

Firmin ya ciro waya. Na san ba wasa yake ba, na kuma san abin da ke biyo bayan kiran. Amma na ci gaba da sara, gutsure-gutsure, yadda ko akuya ba za a ɗaure da ita ba. Sai Madam Selestin ta fito da lema, ta sunkuya ta ɗauki guntun da na yanko daga sama, mai narkakken ƙullin a jiki. Ta juya shi a hannunta, ta sa a aljihun zaninta.

“Kira su, ɗana,” ta ce wa Firmin. “A gidana abin ya faru. Ni ma ina da abin da zan nuna musu.”

Ya mayar da wayar aljihu, ya shiga mota ya tafi ya bar ni da adda a hannu. Daga baya muka ji ya sayar da igiyoyin Papa ne, ya sayo waɗannan a kasuwa wurin masu kayan ɗaure lodi. Mai kamfanin ya sallame shi, ni kuma ba wanda ya sake nemana daga can.

Na je asibiti da yamma da naman da Malam Buba ya ƙunsa mini. An ɗaure wa Papa kai, hannun yana cikin filasta tun daga kafaɗa. Likita ya riga ya gaya wa matarsa cewa da wuya hannun ya sake ɗaukar inji. Na zauna a bakin gadon. Na fara ba shi haƙuri da guntun Faransancina, ya katse ni. Ya yi wa matarsa magana da yarensu, ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan makulli ta sa mini a hannu. Ta ce na akwatin da ke ƙarƙashin gadonsu ne, igiyarsa ta kansa tana ciki, doguwa, wadda bai taɓa kai wa kamfani ba.

Na ce, “Papa, ƙafata ba ta daina rawa ba har yanzu.”

“Za ta daina,” ya ce. “Reshen nan yana nan a kan ɗakin yaran. Wa kake jira ya sare shi?”